Fodkas: Yaya ake ɗaukar kaɗaici da kamara?

Mai gabatarwa: Barkanku da war haka daga Tawa, garin da marigayi Moustapha Alassane ya zauna yana aikin fim. Yau batunmu fim ne kan yaro ɗan shekara 15 da ya faɗi jarrabawar BEPC ta gama ƙaramar sakandare, duniya ta yi masa zafi, har ya lalubo abin da yake so da kansa. Malam, daga ina ake kamawa?

Mai kamara: Daga fada, wato majalisar samari, Hajiya. Masu koyo sukan kulle yaron a ɗaki ya rafka tagumi. To, a gidajenmu wane yaro ke da ɗaki shi kaɗai? A zaunar da shi cikin samari takwas, ana dafa shayi ana karta. Gilashin kamara na 85 mm, a buɗe idonsa sosai, wato f/2: shi ya fito tar, abokan su dushe. Kofi ya zagayo, a tsallake shi. Kada a yanke hoton kafin daƙiƙa 10, don a nan mai kallo ke jin abin.

Mai sauti: Saura aikin kunne ne, yaya. Muryar da ake ɗorawa tana cewa "ni kaɗai nake" ita ke kashe fim. Kafin a tashi, kowa ya yi tsit minti 2, a naɗi sautin wurin: butar shayi, kabu-kabu, awakin maƙwabta. Wajen haɗa fim sai a riƙa janye dariyar abokan sannu a hankali, har ya zama saura numfashinsa kawai.

Mai gabatarwa: In da dare ne fa?

Mai kamara: Wutar lantarkinmu 50 Hz ce, wato tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka hoto 25 a daƙiƙa, shata kuma, wato lokacin da haske ke shiga wa kowane hoto, 1/50 na daƙiƙa. In ba haka ba, fitila ta dinga kyafta ido cikin hoton. Da rana kuma, daga ƙarfe 11 zuwa la'asar a ajiye kamara, inuwa na cika ramin ido.

Mai sauti: Ga wadda ake mantawa: ɗan shekara 15 ba ya jiran kowa. In aka ja aiki wata shida, murya ta fashe, gashin baki ya tsiro, farko da ƙarshe su ƙi haɗuwa.

Mai gabatarwa: Mafita?

Mai kamara: A gama cikin sati 3 ko 4 na babban hutu, da izinin iyaye a rubuce. A bi labarin a jere, don sakewar da yaron zai yi da kamara ta zama sakewar jarumin. Wanzami kuma ɗaya, aski iri ɗaya, kowace Juma'a.