Wa ke iya faɗa wa maigida cewa rufi yana yoyo?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, alhazai ƴan kasuwarmu na Tawa, da ku ɗalibai da kuka cika bayan zauren nan, barkanku da yamma.

An ce in yi magana a kan al'adar kamfani, yadda take shafar ma'aikaci da tafiyar da harka. Bari in fara da abin da na gani da idona.

Shekarun baya ina riƙe da lissafin wani kamfanin shinkafa da sukari a Yamai. Wata damina rufin mangaza ya soma yoyo ta kusurwar gabas. Yaron da ke tsaron wurin ya gani tun ruwan farko. Ya samo bokiti ya tara, ya ja buhu biyu gefe, ya yi shiru. Masu dako sun gani, direbobi sun gani. Ranar ƙidaya na sa hannu cikin jerin buhunan sukari, na ji na sama sun daskare kamar dutse, na ƙasa sun narke, ƙudaje na binsu. Na ja yaron gefe na ce, "Ƙanena, me ya hana ka faɗa?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, bara da wane ya ce sikeli ya lalace, patoron cewa ya yi shi ya lalata, aka cire masa a albashi."

A biron patoron ɗin nan akwai allo a bango, an rubuta gaskiya da riƙon amana da manyan baƙaƙe. Yaron bai iya karanta allon ba, amma abin da ya samu abokin aikinsa ya haddace shi sarai. Marigayi Edgar Schein, wanda ya koyar a jami'ar MIT ta Amurka, ya ce al'adar wurin aiki hawa uku ce: abin da ido ke gani, abin da ake faɗa da baki, da abin da kowa ya yarda da shi a zuci ba tare da an furta ba. Na ukun shi ke tuƙa motar. A mangazarmu na ukun shi ne: wanda ya kawo mummunan labari shi zai biya.

Wani zai ce ai halin ma'aikatanmu ne, ba su da kishi. To ku saurari wannan. A garin Fremont na jihar Kalifoniya, kamfanin General Motors yana da masana'antar mota da ta yi ƙaurin suna wajen fashin aiki da lalatattun motoci, har aka rufe ta a 1982. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota na Japan, kuma yawancin waɗanda aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan nan ne. Cikin abin da Toyota ta kawo har da wata igiya da ke rataye saman layin haɗa mota. Duk lebura ya ga kuskure yana da ikon ja, shugaban rukuninsa ya zo da sauri su gyara tare, in bai gyaru ba layin ya tsaya. A da, tsayar da layi babban laifi ne, sai a bar mota ta wuce da aibinta. Ba a daɗe ba motocin wurin suka shiga sahun mafi inganci a General Motors. Mutanen dai su ne na jiya.

Akasin haka ya faru a bankin Wells Fargo na Amurka. An ɗora wa ma'aikata adadin asusun da dole su buɗe, wanda ba ya yiwuwa, suka riƙa buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba. A 2016 aka ci bankin tarar dala miliyan 185, kuma ma'aikata wajen 5,300 aka kora.

Mu dawo gida. Mu Adarawa ba baƙin wannan ilimi ba ne. Tsarin maigida da yaransa da ya kai albasar Galmi har Abijan da Akara, a kan amana aka gina shi. Yaro ya yi shekaru yana bin mota, maigida ya ɗauki nauyin jinyarsa, ya tsaya masa ranar aure da suna, in lokaci ya yi ya yanka masa jari. Yaron da ya san haka na jiransa, dukiyar maigida tasa ce. Wannan gado ne mai tsada, kuma ina baƙin ciki in ga mun bar rabinsa mai kyau mun riƙe "to, ranka ya daɗe" kaɗai. Kunya ado ce a gida. A mangaza, in ta hana yaro buɗe baki gaban babba, hasara take jawowa.

Akwai kuma abin da ba ma son a taɓo. Dokar aiki ta 2012 ta ce awa 40 a mako. Albashi mafi ƙanƙanta ya tashi daga jika 30 da ƴan kai zuwa jika 42 tun farkon 2024. Alhazai, ku yi mini haƙuri, mutum nawa ne cikin yaranku ke da takardar ɗaukar aiki, ko aka rubuta sunansa a CNSS, wato asusun fansho da inshorar ma'aikata? Wanda za a iya sallama da kalma ɗaya ba zai taɓa jan igiya ba. Haka in ma'aikata suka ga ɗan ƙanwar maigida ya zo jiya an ɗora shi bisa wanda ya shekara goma, kowa zai sassauta hannu, ba kuma wanda zai gaya maka.

Abin da nake roƙo ba ya cin ko dala. Da safe kafin a buɗe ƙofa, tara yaranka minti goma, ka fara tambayar mafi ƙanƙanta: me ya lalace jiya? Ranar farko ba wanda zai tanka. Ranar da wani ya yi ƙarfin hali ya faɗa, duk idanu na kanka. Ka ce masa madalla a gaban kowa, ka aika a kira mai gyara a ranar, ko da cikin laifin akwai hannunsa. Hukuncin sata daban, wannan ba mu hana ba.

Yaron nan na mangaza, korarsa aka yi a ƙarshen watan. Ina cikin biron lokacin da aka yanke maganar, na san abin da ya gaya mini, kuma ban buɗe baki ba, don ni ma albashina nake tsoro. Har yau abin yana cina a rai. Wanda aka ɗauka a madadinsa ya iske bokitin a kusurwar gabas, ya ci gaba da zubar da ruwan duk safiya har damina ta wuce.