Yadda Ake Gane Yawan Aidin a Cikin Gishirin Girki

Gishirin da kuke gani a cikin wannan kwalba fari ne tas, kuma ido ba zai taɓa gaya mana ko akwai sinadarin aidin a cikinsa ba, ballantana ya faɗi yawansa. Amma sanin hakan wajibi ne, domin ƙarancin aidin a jiki shi ne babban abin da ke haddasa maƙoƙo, yana kuma tauye girman ƙwaƙwalwar jariri tun yana cikin mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa gishirin da ya isa gida ya ƙunshi miligiram 15 zuwa 40 na aidin a kowane kilo, kuma a Nijeriya hukumar NAFDAC ce ke sa ido a kan wannan.

Dabarar awon ta dogara ne a kan musayar ilektaron, ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki da ke cikin kowane sinadari, wato wani sinadari ya bayar, wani kuma ya karɓa. Tun da yawan abin da aka bayar daidai yake da yawan abin da aka karɓa, idan muka san ɗaya, lissafi zai ba mu ɗayan.

Za mu auna giram 10 na gishiri, mu narkar da shi a cikin mililita 50 na tataccen ruwa, sannan mu zuba ɗan asid da ruwan fotasiyam ayodaid. Ku lura da yadda ruwan ya koma rawaya. Aidin ɗin da ake haɗawa da gishiri a Nijeriya yana zuwa ne a matsayin ayodet, wato aidin haɗe da iskar oksijin, wanda ba shi da launi, kuma yanzu ya karɓi ilektaron daga ayodaid, sai zallar aidin ta fito fili. Za mu rufe kwalbar mu ajiye ta a cikin duhu na minti 10, saboda haske yana taimaka wa iska ta ƙara fitar da wani aidin daga ayodaid ɗin da muka zuba, wanda hakan zai sa sakamakon ya wuce gaskiya.

Daga wannan dogon bututun gilashi mai ma'auni, za mu riƙa ɗiga ruwan sodiyam tayosalfet wanda muka riga muka san ƙarfinsa, muna girgiza kwalbar a hankali. Shi ne yake mayar wa aidin ilektaron, don haka launin yake dusashewa. Sai ya kusa ɓacewa sannan mu zuba ruwan sitaci, kuma nan take komai ya koma shuɗi mai duhu. A nan ne ɗalibai da yawa suke yin gaggawa, kuma ina roƙonku kada ku yi. Idan aka zuba sitaci tun aidin yana da yawa, sai ya riƙe shi gam ya ƙi saki da wuri, ta yadda mai awo zai zarce inda ya kamata ya tsaya.

Ga ɗigon ƙarshe nan, shuɗin ya ɓace baki ɗaya. Aidin ɗin da kowane ayodet guda ya fitar yana cinye tayosalfet shida, saboda haka idan ƙarfin ruwan tayosalfet ɗin mola 0.005 ne (mola ma'aunin yawan sinadari ne a cikin lita guda ta ruwa), kowace mililita tana daidai da kimanin miligiram 10.6 na aidin a kilo. Bututunmu ya nuna mililita 3, wato wannan gishiri yana ɗauke da kusan miligiram 32 a kowane kilo, kuma ya shiga cikin ƙa'idar da aka gindaya.