Wayar Hajiya ta sa yaro ya tashe ni daga kan allo a Accra

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da hayaniya, a bakin titin Nima nake, motoci sai ham suke. Wallahi har yanzu raina bai gama hucewa ba.

Jiya na shiga gasar ces, darar Turawa, sidi 100 na biya. Wasa ya yi daɗi, na riga na cinye wa mutumin sarauniya, sai waya ta ɗau ƙara a aljihuna. Hajiyarmu ce daga Kano. Kafin in lalubo ta, wani yaro da bai fi shekara ashirin ba ya zo ya tsayar da agogo, ya rusuna ya ce, "Baba, a yi haƙuri, wasa ya ƙare." Na ce kai yaro, ina wasan nan tun ba a yi auren babanka ba! Ya ce doka ce, ko da ba ta yi ƙara ba, shigowa da ita a jiki ma laifi ne. Ashe ɗan Zango ne. Da Hausarsu ta nan da mace ma "ya" ake ce mata, har ya ƙara da cewa, "Hajiya ya kira a mugun lokaci." Ban san sanda na yi dariya ba.

Da aka tashi na ja shi wajen mai wake da shinkafa, "waakye" suke ce masa a nan, namu ne suka ara. Na ce gaya mini, wa ya naɗa ka alƙali?

Ashe abin hawa-hawa ne. Hukumar ces ta ƙasarku ce ke fara horar da kai ta ba ka alƙalancin ƙasa, tun kana shekara 16 ma ana bayarwa, sannan a yi maka rajista a FIDE, uwar hukumar ta duniya da aka kafa a Faris a 1924. Mataki na biyu, alƙalin FIDE, nan ne ake zufa. Sai ka kai shekara 19, ka zauna taron horo na kwanaki, ka rubuta jarrabawa, kuma sai ka ci kashi 80 cikin ɗari. Tamanin fa! Mu da muke yanka kaza in mun samu hamsin a makaranta. Bayan nan sai ka yi aiki a gasa uku, babban alƙali ya sa hannu cewa ka iya. Mataki na uku kuwa, alƙalin ƙasa da ƙasa, sai shekara 21, da ƙarin gasanni manya, da Turanci a baki.

Na ɗan gwada shi. Na ce in mutum ya yi tafiyar da doka ta hana fa? Ya ce a wasa mai dogon lokaci, karon farko a ƙara wa abokin karawarsa minti 2, karo na biyu ya faɗi. In wasa ya ƙi ƙarewa? Ya ce in allo ya maimaita kamanni ɗaya sau biyar, ko kowane ɗan wasa ya yi tafiya 75 ba ci, ba motsa ƙaramin soja, shi da kansa zai ce canjaras, ba sai an roƙe shi ba. Ko numfashi bai ja ba.

Na tuna darar ƙofar gidanmu a Fagge. Can wanda ya fi tsufa da ƙarfin murya shi ne alƙali, ka taɓa ɗa ka fasa, a yi musu har la'asar. Ina kewar wannan, ba zan ɓoye ba.

Abin da ya ɗan sanyaya mini rai, ba ni kaɗai ba ne. A 2003 Ruslan Ponomariov, yana riƙe da kambun FIDE na duniya, wayarsa ta yi ƙara ran zagayowar haihuwarsa, aka ce ya faɗi. Magnus Carlsen ma, tsohon zakaran ces na duniya, a Disambar 2024 a New York tarar dala 200 aka ci shi kan wandon jins. To ni wane ne?

Ni dai ina gaya muku, in za ku shiga gasa a garin nan, ku kashe waya ku jefa a jaka, kuma kar ku raina alƙali don ba shi da gemu. Na karɓi lambar yaron, ya ce zai sanar da ni in an buɗe horon alƙalan ƙasa. Zan shiga, mu gani.

Hajiya kuwa, da na kira ta da daddare, ashe tambaya take ko na samo mata atamfar da ta ce. Bari in tsallaka, ga motar Makola can tana lodi.