Mitar Keke Ta Ƙi Motsi: Hirar Mahaya Daga Kaduna

Yaya: Jama'a barkanmu da warhaka. Yau Auta ne ya zo da ƙorafi, ga kuma Malam tare da mu. Auta, faɗa musu abin da ya same ka.

Auta: Wallahi Yaya, ranar Asabar na taso daga Kawo har Unguwar Rimi, ina ta zufa, mitar nan mai nuna gudun keke tana nuna min sifili. Na sayo sabon batir, wannan mai kama da kwabo, CR2032. Na sa, fuskar ta kawo tas, amma gudu shiru.

Malam: Tunda fuska ta kawo, ai batir ba shi da laifi. Ka yi faci kwanan nan?

Auta: Ƙafar gaba, ranar Juma'a.

Malam: To, ga ɓarawon. Akwai ɗan mayen ƙarfe a jikin wayar ƙafar gaba, duk zagaye ɗaya sai ya gifta gaban sensa, wato 'yar na'urar da ke maƙale a ƙarfen da ke riƙe da ƙafar, da haka mita ke ƙirga. Tazararsu kada ta wuce milimita 5. Mai faci ya cire ƙafar, ya mayar da ita a juye, mayen ya koma ɗaya gefen.

Auta: Kai! Haka ne, Malam. Ashe kuɗina na zubar.

Yaya: Ba ka gama ba. In an cire batir, wasu mitocin kan manta girman taya. Sai ka ga daga nan zuwa Mando ta ba ka tafiyar Zariya.

Malam: Gyaran da sauƙi. Daidaita bawul da ƙasa, ka yi zane da alli, ka tura keken zagaye ɗaya, ka auna da tef irin na tela, ka shigar da adadin cikin mitar. Siririyar taya 700x25 takan ba da milimita 2105. Amma ka fara cika iska.

Yaya: Ni sarƙa ce damuwata a hunturun nan.

Malam: Saboda kuna zuba mata baƙin mai! Ƙura ta manne, ya zama kamar tuwon yashi, yana cin haƙora. A wanke da kananzir da tsohon buroshi, ta bushe, a ɗiga mai kaɗan, a goge da tsumma.

Auta: Malam, birkina ma yana kuka.

Malam: Shigo da keken tukuna mu juya ƙafar nan.