Yadda gajiyar aiki ke kai likita ga hawan jini

Duk lokacin da labari ya bazu cewa wani likita ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki, tambaya ɗaya ake ta maimaitawa: "Shi da ke duba mutane, ya aka yi bai san yana da ciwo ba?" Wasu kuma su ce ai damuwa a tunani take, ina ruwanta da jini da jijiya? To, ku biyo ni.

Akwai wasu 'yan ƙullutu biyu da ke zaune a saman ƙoda. Su ke fitar da sinadaran adirenalin da kotisol, masu shirya jiki idan gaggawa ta taso. An buga wa likita waya ƙarfe 2 na dare, mai jego jini ya ɓalle mata. Nan take bugun zuciyarsa ya ƙaru, jininsa ya hau, sukari ya kwarara cikin jini don ya samu ƙarfi. Wannan ba ciwo ba ne, haka Allah ya tsara jiki, kuma da shi likitan ke ceton rai.

A nan ne mutane ke kuskuren fahimta, don haka mu ɗan tsaya. Jini ya hau lokacin gaggawa ba laifi, illar tana wajen rashin saukarsa. A jikin mai lafiya kotisol na yawa da sassafe, ya yi ƙasa sosai wajen tsakar dare. Awon jini ma yakan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100 idan an yi barci. A wannan saukar ta dare ne zuciya da jijiyoyin jini ke samun sararawa. Amma wanda ya kwana aiki a ɗakin gaggawa fa? Awon jininsa ba ya sauka haka. Ko ya kishingiɗa awa biyu a kan benci, kunnensa na kan waya, jikinsa bai yarda an tashi aiki ba. Kamar janareta ne da ake ta zuba wa mai ba a kashe shi ya huce. Dare ɗaya jiki zai jure. Amma a jera shekaru haka, sai jijiyoyi su yi tauri, hawan jini ya zauna daram, sukari ya fara gagarar jiki, tumbi ya fito, garkuwa ta yi rauni. Ga cin abinci a tsaye, ga kofi a madadin barci.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da bincike: mai aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru masa da kashi 35, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17, idan aka kwatanta da mai awa 35 zuwa 40. Likitan da ke kwana asibiti sau biyu a mako, tuni ya zarce 55 ɗin.

Amurka ta ƙayyade wa likitoci masu neman ƙwarewa awa 80 a mako tun 2003, Tarayyar Turai kuwa awa 48 ce dokarta. A Najeriya, yawan awannin aiki na cikin koke-koken ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, wato NARD, ga abokan aiki na ta ficewa waje, nauyin ya koma kan waɗanda suka rage.

Ni dai a ganina, cewa likita "ka riƙa hutawa" alhali jadawali bai ba shi dama ba, ba adalci ba ne. Ramuwar barci ranar Lahadi na rage gajiya, amma ba ta biyan bashin dararen da aka yi a tsaye. Gyaran na hannun masu tsara jadawali: wanda ya kwana aiki ya tafi gida da safe, kada a tura shi duba marasa lafiya har la'asar. Ku kuma likitoci, abin awon jinin nan da ke kan teburinku, ku riƙa ɗaura shi a hannunku ma.