Ƙwallon Ɗinki da Ƙwallon Gam

Lacca kan kayan wasan ƙwallo da muhalli, da aka gabatar a Kaduna gaban masu horar da 'yan wasa da shugabannin kulob-kulob na unguwanni. An rubuto ta daga faifan da aka naɗa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe shugaban taro, iyayenmu da ke gaba, koci-koci, 'yan uwana matasa, barkanmu da war haka.

Kun ga na shigo da buhu, na ga wasu suna murmushi, to ba tsaraba ba ce. Ƙwallo biyu ne a ciki, dukansu sun mutu. Wannan ta dama ɗinkin hannu ce, shekararta huɗu a wurina, sau uku tana zuwa wurin mai gyaran takalma a Tudun Wada. Ku duba nan, ga sawun basilla, ga zaren da ya sa bai ma yi kala ɗaya da na asali ba. Wannan ta hagu kuwa ba ta da zare ko ɗaya, da zafi da gam aka manne ta. Ta fi kyau, ta fi daɗin bugu, ba ta shan ruwa. Amma ranar da ƙusa ta same ta a fili, na kai wa mutumin nan, ya juya ta, ya sake juyawa, ya miƙo mini ya ce, "Malam, wannan ba ta da ƙofa." Kusan duk abin da zan faɗa yau yana tsakanin ƙwallayen nan biyu.

Dattawan da ke nan sun buga tamaula ta tsumma, sun kuma buga ƙwallon fata wadda in ta sha ruwan sama sai ta koma kamar dutse, ka sa mata kai ka ga taurari. Ƙwallon gasar cin kofin duniya ta 1970, Telstar, fata ce, gida 32, baƙi 12 fari 20. A gasar 1986 a Meziko aka fara buga wadda babu fata a jikinta ko kaɗan, Azteca. Daga nan aka bar saniya ta huta, aka koma wa man fetur. Eh, man fetur. Fatar ƙwallon yau, da jesin da ke jikin yaronka, da tafin but ɗinsa, da ragar gola, kusan dukansu 'ya'yan ɗanyen mai ne, irin wanda aka gina matatar Kaduna a 1980 don a tace. Abin da aka yi da shi kuwa ba ya ruɓewa kamar tsumman auduga. Jikanka zai iya haƙa rami a bayan gida ya tarar da but ɗinka.

Masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun taɓa bin diddigin takalmin gudu ƙafa biyu, suka fitar da sakamako a 2013. Sun ce yana da sassa 65, ana bin matakai sama da 360 kafin a haɗa shi, kuma hayaƙin kabon da ake fitarwa saboda shi ya kai kusan kilo 14. Fiye da kashi biyu cikin uku na hayaƙin a masana'anta yake tashi, tun takalmin bai taka ƙasa ba. Ku riƙe wannan. Ma'anarsa, ɓarnar an riga an yi ta ranar da ka saya. Abin da ya rage a hannunka shi ne tsawon kwanan takalmin. Wanda ya ci kaka uku da but ɗaya ya raba ɓarnar gida uku, wanda yake sayen sabo kowace kaka ya ninka ta.

Kamfanonin ba barci suke ba, kada in zalunce su. A gasar 2010 a Afirka ta Kudu, Nike ta yi wa ƙasashen da take ɗaukar nauyinsu jesi da tsofaffin gorunan ruwa, har gora 8 a riga ɗaya. Adidas ta haɗa kai da Parley, wata ƙungiyar kare teku, a 2015 tana yin takalma da robar da aka tsinto a bakin teku. Ƙwallon Ƙatar ta 2022, Al Rihla, an ce ita ce ta farko a gasar da aka yi wa fenti da gam masu ruwa kawai, ba masu sinadarin nan mai hawa kai ba. A Sialkot ta Pakistan aka yi ta, garin da ya daɗe yana ɗinka wa duniya mafi yawan ƙwallayen ɗinkin hannu. Duk wannan ci gaba ne.

Amma maganar gorar nan, ni ina da ja. Gora in aka narka ta, tana iya komawa gora, ta sake komawa. Ranar da ta zama jesi, aka rina ta, aka manna mata lamba da tambari da sunan mai talla, tafiyarta ta ƙare, da wuya ta sake zama wani abu. Kuma duk wankin da aka yi mata tana zubar da ƙananan zaruruwa da ido ba ya gani, su bi kwata, su gangara Kogin Kaduna, inda masunta ke jefa koma. Sannan su kamfanonin nan da ke nuna mana gora, su ne ke fito da sabuwar riga kowace kaka, ta gida, ta waje, da ta uku, don yaro ya ji ta bara ta zama abin kunya. Hannun dama yana shara, na hagu yana zubarwa.

To mu a ina muke tsaye? A ƙarshen layi. Ku shiga Kasuwar Barci ranar da ake fasa dila. But ɗin da wani yaro ya gama da shi a Ingila, nan yake zuwa ya yi rayuwa ta biyu, kuma wallahi gwanjo mai kyau ya fi sabon jabu sau goma. Ni na ɗanɗana. Wata shekara na karɓi kuɗin da yara suka tara naira-naira, na sayo wa kulob ɗinmu jesi sabbi fil a leda, araha ta ruɗe ni. Wanki na uku lambobi suka fara ɓarewa, mai lamba 10 ya koma lamba 1, kafin damina ta fita hammata duk ta yage. Iyaye ba su ce mini komai ba, wannan shirun ya fi zagi ciwo. Rigunan suka ƙare a bola, aka cinna musu wuta tare da leda. Irin ƙwallon roba mai arha in ta shiga wutar nan, hayaƙinta guba ne, kuma yaranmu ne ke atisaye a gefen jujin da asuba, suna buɗe ƙirji suna shaƙa.

Abin da ke ba ni takaici, garin nan ya san saƙa. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, UNTL da Arewa suka biyo baya, audugar Funtuwa da Zariya tana shigowa, dubban mutane suna fita aiki da jiniya. Yau garin da ya haifi Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal, garin da ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a filin Ahmadu Bello a 1999 da 2009, ko safar ƙwallo sai an yo masa oda. Fata ma muna da ita, jar akuyar Sakkwato duniya ta san ta. Kada dai wani ya ce mu koma fata kawai a huta, ku tambayi mutanen Challawa a Kano abin da ruwan majema na zamani yake yi wa rafi.

Filin roba kuma, wanda kowane ɗan siyasa ke alkawari yanzu, a sani cewa baƙin garin tayar da ake barbaɗawa a kansa yana bin ruwa, har Tarayyar Turai ta yanke a 2023 cewa za a daina sayar da shi daga 2031. In za a shimfiɗa mana, a tambaya me za a zuba a kai, kuma wa zai kwashe shi in ya tsufa.

Abin da nake roƙon koci-koci ƙarami ne. Ƙwallon gam a bar wa ranar wasa, ta atisaye a sayi ta ɗinki. Kowane kulob ya san mai gyaran takalma ɗaya, ya ware masa kuɗi a asusu kamar yadda ake ware na alƙalin wasa. But ɗin da ya matse babba a ajiye wa na ƙasa da shi, a rubuta a littafi. Abin da ya mutu murus a tara a buhu, a kira 'yan gwangwan ko a kai Panteka a ga abin da zai shiga, kada a ƙona a bakin fili. Tafin but ma na ga an yanka shi an yi wa wani takalmin faci.

Shugaba yana nuna mini agogo, an kusa kiran la'asar. Ga ƙwallayen, a zagaya da su, kowa ya taɓa ɗinkin da hannunsa. Mai tambaya ya ɗaga hannu, a fara da na baya can.