Ikwalaiza Mai Motsi: Yadda Ake Saita Ta Ta Kama Matsala A Lokacin Da Ta Taso

Ku ɗauka kuna sauraren muryar wani mawaƙi. A baitin farko mawaƙin yana rerawa a hankali, muryar ta zauna daram, babu abin gyarawa. Da ya iso amshi ya ɗaga murya, sai wani kaifi ya ɓullo a wajajen kHz 3 (Hz ma'aunin mita ne, wato kauri ko sirantar sauti, kHz 1 kuma Hz 1,000 ne) yana sukar kunne. Idan kuka ɗauki ikwalaiza ta yau da kullum, wato na'urar da ke rage ko ƙara ƙarfin wani yanki na sauti, kuka rage dB 4 (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne) a wurin, amshin zai gyaru, amma ku koma baitin farko ku ji: muryar ta dushe, kalmomin sun koma baya kamar an rufa wa makirfo bargo. Matsalar tana zuwa tana tafiya, shi kuwa ragin da kuka yi yana nan zaune daga farkon waƙa har ƙarshe. Wannan giɓin ne ikwalaiza mai motsi, wadda masu sana'a ke kira dainamik, ta zo ta cike.

Bari mu fara da tushenta. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga kamar Hz 20 zuwa kHz 20, kuma ikwalaiza irin ta faramatirik tana ba ku iko da abu uku a cikin wannan fili: mitar da za ku taɓa, yawan ragi ko ƙari da dB, da faɗin wurin da abin zai shafa, wanda ake rubutawa da harafin Q. Injiniya George Massenburg ne ya gabatar da wannan tsari a taron ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES a shekarar 1972. Lissafin Q ba shi da wuya: a raba mitar tsakiya da faɗin zangon, wato yankin mitar da ake taɓawa. Idan kuna kan Hz 1,000 kuma faɗin ya kai Hz 250, Q ɗinku 4 ke nan. Abin riƙewa shi ne ƙaramar lamba faɗi take nufi, babbar lamba kuma tsukewa. Q na 1.4 ya kai oktaf ɗaya, wato daga wata mita zuwa ninkinta, na 4.3 kuwa sulusin oktaf ne.

Ita mai motsin ta ɗauki waɗannan ukun, ta ƙara musu kunne. Kowane zango yana sauraren ƙarfin sautin da ke cikin yankinsa kaɗai. Muddin bai kai wani layi da kuka shata ba, zangon ba ya taɓa komai. Da ya ƙetare layin sai ragi ya fara, da ya sauko kuma sai zangon ya saki. Layin nan shi ne tireshol. Sai renj, wato iyakar zurfin ragin da kuka yarje mata, komai tsananin sautin. Sai atak, saurin da take kai kamu, da rilis, saurin da take sakewa. Wasu fulogin, wato manhajojin sarrafa sauti a kwamfuta, suna ƙara reshiyo, wato gwargwadon ragin da za a yi wa abin da ya haura layin, irin na kwamfiresa, na'urar da ke danne sauti idan ya yi ƙarfi. TDR Nova, wadda ake samu kyauta, tana da zango huɗu masu tireshol da reshiyo da atak da rilis. Waves F6 tana da zango shida masu yawo. FabFilter Pro-Q 3, da ta fito a 2018, ita ce ke zaɓa muku atak da rilis gwargwadon sautin da ke shigowa. Fuskokinsu sun bambanta, aikin dai guda ne.

Yanzu ga yadda ake saitawa, kuma jerin matakan yana da muhimmanci. Kafin komai, ku gama da ikwalaiza ta yau da kullum. Gurnanin ƙasa da Hz 80 a kan murya, ko ƙugin wutar lantarki a Hz 50 ko 60, waɗannan suna nan kullum, don haka ragi tsayayye ya dace da su. Abin da ya saura yana leƙowa yana ɓuya, shi za ku miƙa wa mai motsi.

Ku nemo wurin da matsalar ta fi muni a cikin waƙar, ku sa shi yana maimaita kansa. Ku buɗe zango ɗaya, Q wajen 3 zuwa 4, ku ƙara kamar dB 6, ku ja shi a hankali hagu da dama har abin da ke damunku ya fito fili. A nan akwai tarko. Idan kuka ƙara dB 15 da Q mai tsini, kowace mita za ta yi kama da matsala, domin ku ne kuka ƙirƙiro ƙarar da hannunku. Saboda haka ku ji laifin da kunnenku tun kafin ku taɓa na'ura, ku riƙe shi a kai, sannan ku fita nemansa. Da kun same shi, ku mayar da ƙarin zuwa sifili, ku sa renj a kan ragin dB 3.

Sai tireshol, wanda shi ne zuciyar aikin. Ku faro daga sama, inda babu abin da ke motsi, ku riƙa saukowa har ku ga zangon ya fara lotsawa a kan kalmomin da ke da kaifi. Daga nan ku koma wurin da mawaƙin ke rerawa a hankali. Zanen zangon da ke kan allo ya kamata ya miƙe sumul, ko gezau. Idan kuka ga yana lotse a baiti da amshi duka, tireshol ya yi ƙasa da yawa, kun mayar da ita ikwalaiza tsayayya ba ku sani ba, har ma da ƙarin illa, tunda tana ta rawa babu dalili. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi. Ku ɗaga tireshol har sai ta riƙa hutawa tsakanin kamu da kamu.

Game da zurfi, dB 2 zuwa 4 ya isa yawancin aikin murya. Idan kun ga sai kun kai dB 8 ko 10 kafin abin ya lafa, ku dakata ku duba ɗaukar sautin kanta. Mai yiwuwa makirfon bai dace da muryar ba, ko ɗakin yana amsa kuwwa a wannan mitar. Ragi mai zurfi da ke shiga yana fita yana sa launin murya ya riƙa canzawa a tsakiyar jimla, kuma mai sauraro zai ji wani abu ba daidai ba ko da bai san sunansa ba.

Atak da rilis suna bukatar mu ɗan daɗe a kansu, domin mitar da kuke aiki a kai ita ke yanke hukunci. Igiyar sauti ta kHz 6 tana kammala zagaye ɗaya cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa biyar na milisakan (milisakan kashi ɗaya ne bisa dubu na daƙiƙa), don haka atak na milisakan 1 ba ya cutar da ita. Amma igiyar Hz 60 tana ɗaukar kusan milisakan 17 kafin ta zagayo. Idan kuka sa mata atak da rilis masu tsananin sauri, na'urar za ta riƙa bin hawa da saukar igiyar kanta maimakon ƙarfin sautin gaba ɗaya, sai ku ji bes ɗin, wato sautin ƙasa mai kauri, ya fara ɓarɓarwa yana karkarwa. Saboda haka a ƙasa ku sassauta: atak daga milisakan 20 zuwa 30, rilis daga 100 zuwa 200. A tsakiya, atak na 5 zuwa 15 da rilis na 60 zuwa 120 wurin farawa ne mai kyau. A sama, atak na 1 zuwa 3, rilis na 30 zuwa 60. Waɗannan lambobin mafari ne, kunne ke ƙarasawa. Rilis da ya yi gajarta yana kawo ɓari-ɓari, wanda ya yi tsawo kuma yana riƙe da ragin har ya ci kalmar da ke biye, wadda ba ta yi laifin komai ba.

Mu ɗauki sautin "s" da "sh" da "ts", waɗanda ke tsartuwa a makirfo. Galibi suna zaune tsakanin kHz 5 da kHz 9, muryar maza ta fi karkata ƙasa, ta mata sama. Q wajen 2 zuwa 3, atak mai sauri, renj dB 3 zuwa 5. Idan kuka wuce gona da iri, mai magana zai koma kamar harshensa ya maƙale a haƙora, "s" ɗinsa ta zama wata iska marar kaifi. Ku rage har ta daina suka, ku tsaya nan.

Akwai kuma mai magana da ba ya zama wuri ɗaya. Makirfo mai ɗaukar sauti ta gaba yana ƙara nauyin ƙasa duk lokacin da baki ya matso kusa da shi. Mutum ya sunkuyo, muryar ta kumbura a wajajen Hz 120 zuwa 250, ya ja baya, ta sirance. Zango mai faɗi, Q wajen 1, ko shelf na ƙasa, wanda ke shafar duk abin da ke ƙasa da wata mita, zai danne kumburin idan ya matso, ya ƙyale shi idan ya koma. Haka abin yake ga jitar bes mai sauti guda da ke fin sauran ƙarfi. Ku gano mitar wannan sautin, ku tsuke Q zuwa 5 ko 6, sai zangon ya riƙa kama shi shi kaɗai.

Inda wannan na'ura ta fi nuna bajintarta shi ne saidicen, wato a sa zango ya saurari wani layin sauti dabam amma ya yi aiki a kan nasa. Gangar ƙafa da bes kan yi karo a tsakanin Hz 50 da 80. Ku ɗora ikwalaizar a kan bes, ku turo mata siginar gangar ta saidicen, ku sa zango a kan mitar da gangar ta fi nauyi, renj dB 3. Duk bugu ɗaya, bes zai matsa a wannan mitar kaɗai na ɗan lokaci, sauran jikinsa na sama yana nan yadda yake. Da kwamfiresa kuka yi wannan, da bes ɗin gaba ɗaya ne zai riƙa nutsewa yana tasowa. Ku daidaita rilis yadda bes zai dawo kafin bugu na gaba. A waƙa mai bugu 120 a minti, tsakanin bugu da bugu milisakan 500 ne, don haka rilis na 120 zuwa 150 ya bar isasshen fili. Dabarar nan tana aiki tsakanin murya da kayan kiɗa: a ɗora zangon a kan fiyano ko jita a wajajen kHz 2 zuwa 4, murya ta zama mai tayar da shi, ragin dB 1.5 zuwa 2 kawai. Kalmomi za su fito sarai ba tare da kun ɗaga muryar ba.

Sau da yawa ana tambaya, mene ne bambancinta da kwamfiresa mai sassa da yawa? Ita waccan tana yanka sautin gida uku ko huɗu da matatai, ta matse kowane gida, ta sake haɗa su. A tsarin da aka saba, yankan yana jirkita zubin igiyar a bakin kowace iyaka ko da ba ta matse komai ba. Ikwalaiza mai motsi kuwa idan zangon yana kan sifili, sautin yana wucewa yadda ya shigo. Don daidaita babban yanki, kamar ƙasan waƙa baki ɗaya, waccan tana da amfani. Don cire tsini guda a wuri guda, wannan ta fi.

Wurin da kuka ajiye ta a jerin na'urori yana canza sakamako. Idan tana gaban kwamfiresa, za ta cire kumburin kafin ya sa kwamfiresa ta danne muryar duka. Amma kwamfiresa kan fito da "s" fili, shi ya sa da yawa ke sa zangon ƙasa kafin ta, zangon "s" kuma bayanta. Ku kuma tuna cewa tireshol yana kallon ƙarfin abin da ke shigowa ne. Idan kuka dawo daga baya kuka ƙara dB 4 a kan muryar kafin ta iso ikwalaizar, duk saitinku ya tashi, sai kun sake shata layin.

A wajen taro ko wasa kai tsaye, ku guji yanayin liniya fes, wato saitin da ke hana ikwalaiza jirkita zubin igiyar sauti, domin yana kawo jinkirin da mawaƙi zai ji a kunnensa, kuma ko a sutudiyo yana iya sa wata 'yar inuwa ta riga bugun ganga fitowa, musamman a ƙasa. Kada kuma ku dogara da ita wajen maganin kukan lasifika. Kafin zangon ya kai kamu jama'a sun riga sun ji kukan, da ya saki kuma kukan ya dawo. Wannan aikin ragi tsayayye ne mai tsini, tare da gyara mazaunin makirfo da lasifika.

Gwajin ƙarshe kashi biyu ne. Yawancin fulogin suna da maɓallin da zai jiyar da ku zangon shi kaɗai, wasu ma har abin da ake cirewa kaɗai. Ku danna ku saurara. Idan kaifi ko kumburi kuke ji yana leƙowa jefi-jefi, saitin ya yi. Idan kuna jin kalmomi cikakku ko karin waƙar, kuna cin naman muryar, ku tsuke Q ko ku ɗaga tireshol. Sannan ku kashe ikwalaizar ku kunna, bayan kun daidaita ƙarfin fita yadda duka biyun za su zo daidai, domin kunne yana fifita duk abin da ya fi ƙara ko da dB 1 ne. Ku yi wannan gwajin tare da sauran kayan kiɗan suna tafiya, a kan baitin da ya fi sanyi da amshin da ya fi zafi, da lasifika sannan da hedifon.